Yaran Manyan Birane

Babbar hanyar mota ta ratsa ƙasarmu ta Arewa. Daga Yamai take fitowa, ta biyo ta Doso, ta wuce Kore Mairuwa, ta shigo Dogondutsi. Daga nan ta miƙe gabas zuwa Birnin Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram. Kowace shekara, in an gama yankan hatsi an zuba a rumbu, samari sukan taru a tasha da jakunkunansu. Daga Matankari ake zuwa, daga Ɗankasari, daga Geceme, daga Dumega, daga Tibiri. Wasu Yamai za su, wasu Sakkwato ko Ikko, wasu Gana ko Abijan. Da wuya a sami gidan da ba shi da ɗan ci-rani.

In damina ta kusa sai su komo gida. Su kawo atamfa da takalma da salula, su kuma kawo labari. Da dare yara su kewaye su, suna saurare baki buɗe.

Labarin matafiyi yana da daɗi, amma sau da yawa rabi ne. Yakan faɗi tsawon benaye da yawan motoci. Bai cika faɗin inda ya kwana ba, ko kwana nawa ya yi bai ci ya ƙoshi ba. Ba ƙarya yake yi ba. Kowa dai yana so a ce tafiyarsa ta yi kyau. To, cikinku akwai waɗanda nan da shekara 7 ko 8 za su tsaya a tashar nan da jaka a hannu. Gara su san birni tun yanzu, da zaƙinsa da ɗacinsa.

Ga wata hanya mai sauƙi ta sanin birni. A bi yaro ɗaya tun daga safe har dare, a ga inda yake samun ruwa, da abin da yake ci, da harshen da yake magana da shi, da abin da ke damunsa. Haka za mu yi cikin wannan karatu. Yaran da za ku ji labarinsu ƙaga su aka yi, shi ya sa ba su da suna. Ku za ku raɗa musu. Amma biranen na gaske ne, abin da aka faɗa game da su kuma haka yake. Ku buɗe taswira. Kowane birni muka isa, ku ɗora yatsa a kansa.

Yamai

Mu fara da na kusa. Wani yaro ɗan shekara 11 ya tashi daga wani ƙauye kusa da Tibiri, aka kai shi wajen kawunsa a Yamai don ya yi karatu. A hanya, bayan sun wuce Doso, ya hango raƙuman dawa kusa da Kure suna cin ganyen itace. Da suka shiga gari ya ga kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Bai taɓa ganin ruwa mai tafiya rani da damina ba.

Yamai ta zama babban birnin Nijar a 1926. Kafin nan Damagaram ce. A ƙidayar 2012 mutanenta sun wuce miliyan 1, alhali garin Dogondutsi a lokacin bai kai mutum 40,000 ba.

Gidan kawu ba famfo. Da sassafe ɗan ga-ruwa yakan turo kurarsa cike da jarkoki, a saya. A ƙauye yaron ya saba da guga da igiya. A nan sai da kuɗi. Itacen wuta ma da kuɗi, ɗakin kwana da kuɗi. A titi yana jin Zabarmanci da Hausa, a aji Faransanci. Ran Lahadi kawu ya kai shi gidan tarihi na Bubu Hama. Ya ga ƙasusuwan wasu manyan dabbobi na zamanin da, waɗanda aka tono cikin hamada. Ya ga kuma busasshen itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta kayar a 1973. Daga can suka je suka tsaya kan gadar Kenedi, wadda aka buɗe a 1970. Kawu ya nuna masa unguwannin da kogi ya cinye da ambaliyar 2020, ya ce: "Ɗana, kogin nan shi ke shayar da mu, shi ke kuma korarmu daga gida in ya ga dama."

Kumasi

Yanzu ku ja yatsa kudu maso yamma, ku ƙetare Burkina Faso, ku shiga Gana. Tsakiyar kurmi akwai Kumasi, birnin Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa. Sarkinsu yana zaune a fadar Manhiya. Ba nisa da fadar akwai unguwar da ake kira Zango.

Kun san kalmar nan. Zango shi ne inda ayari ke sauka ya huta. Tun shekaru ɗaruruwa fatake Hausawa suke tafiya Gwanja da jakuna, madugu yana gaba. Su kai kanwa da tufafi da fatu, su sayo goro a kasuwar Salaga. Tafiyar watanni ce. A 1892 yaƙi ya watsa kasuwar Salaga, fatake suka bazu cikin wasu garuruwa, da yawa kuma daga baya suka zauna Kumasi. Suka yi aure, suka haihu. Wurin hutawa ya zama gida, amma sunan bai canja ba. Yau kusan kowane babban gari na Gana yana da zangonsa, harshen zango kuwa Hausa ne.

A nan wata yarinya ƴar shekara 10 take zaune da uwarta da kakarta. Tun kafin kiran sallar asuba uwar ta hura wuta ta dama koko na gero, ta soya ƙosai. Yarinya ta taya ta ɗaukar tukunya zuwa bakin titi. Masu zuwa aiki su yi layi, Tonawa da sauran ƙabilu, kowa yana neman "kokon Hausa". Da rana kuma mutane su ci shinkafa da wake, wadda aka dafa da karan dafi ta yi ja. Mutanen Gana suna kiranta wace, kalmar kuwa daga "wake" ta fito. Albasar da ake yankawa ciki, sau da yawa ta Nijar ce, manyan motoci suka ɗauko ta daga ƙasar Tawa.

Kada ku ruɗe: koko biyu ne a Gana. Akwai wanda ake sha da safe, akwai kuma na itace, wanda ake nomawa cikin kurmi a sayar wa Turawa su yi shokola da shi. Na biyun nan yana cikin manyan abubuwan da ke kawo wa ƙasar kuɗi. Yana son ruwa da inuwa, Kumasi kuwa damina biyu take yi a shekara. Ruwan famfon birnin daga madatsar Barekese yake zuwa.

Da ƙarfe 7 yarinya ta sa kayan makaranta ta tafi. A gida Hausa take yi, a kasuwa Tonanci, a aji Ingilishi. Harshe uku ke nan. In kuka ji Hausarta za ku yi murmushi, don a can ba a cika bambanta mace da namiji cikin magana ba. Tana iya cewa: "Uwana ya tafi kasuwa." Kada ku yi mata dariya. Mutanen Kano ma sukan yi murmushi in sun ji Ba'are yana magana, mu kuwa mun san tamu Hausa ce.

Bayan an tashi daga makaranta takan bi ta Kejetiya, kasuwar da ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. A can take ganin wasu ƴan mata, wasu ba su girme ta da yawa ba, ɗauke da manyan kwanoni a ka. Daga arewacin Gana suka zo neman kuɗi. Aikinsu dako. Ana kiransu kayaye, farkon sunan nan kuwa kalmarmu ce, "kaya". Su yini suna ɗaukar doya da shinkafar masu saye, a ba su ɗan abin da ya samu. Da dare da yawansu a bakin shaguna suke kwana, sauro yana cizonsu. Su ma in sun koma ƙauyensu da sabon zane, ƙannensu sukan ce birni daɗi.

Wata rana yarinya ta ga kakarta ta buɗe wata tsohuwar kwalla ta fito da takardu da aka naɗe cikin tsumma. Ta ce: "Kaka, me ya sa kike ɓoyon takardun nan kamar zinariya?"

Kaka ta ce: "Zauna ki ji, jikata. A ƙarshen 1969, ina budurwa, gwamnatin Busiya ta yi doka. Aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako 2. Maƙwabtanmu suka sayar da kayansu da araha. Wasu an haife su a nan, ba su san ko hanyar garin kakanninsu ba. Aka cika motoci da mutane, masu zuwa Nijar, masu zuwa Najeriya, masu zuwa Togo. Mu takardun nan suka tsayar da mu."

Abin da kaka ta faɗa ya faru. Dubban mutane suka bar Gana a lokacin, har da ƴan Nijar masu yawa. A 1983 Najeriya ma ta kori baƙi marasa takardu, mutanen Gana kuwa suka fi yawa cikin waɗanda aka kora. In kun koma gida yau, kowa ya tambayi babansa ko yana da takardar haihuwa, da kuma inda aka ajiye ta.

Tokiyo

Wannan karon tafiyar da nisa. Ku ja yatsa gabas, ku wuce Makka, ku wuce Indiya da Sin, har ku faɗa teku. Tsibiran da ke can su ne Japan, babban birninta Tokiyo. Da can ƙaramin garin masunta ne mai suna Edo. Yau in an haɗa shi da garuruwan da suka manne da shi, mutanensa sun kai wajen miliyan 37. Wato sun fi mutanen Nijar duka yawa.

Kun riga kun san Japan ba ku sani ba. Motar Toyota da ke kai marar lafiya asibiti, da babur ɗin Yamaha, sunayen kamfanonin can ne.

Wani yaro ɗan shekara 9 yana zaune a hawa na 12 na wani dogon bene. Gidansu ɗaki biyu ne ƙanana da madafa. Ba tsakar gida, ba akuya, ba kaza. Shi kaɗai ne wajen iyayensa. Ruwa yana zuwa ta famfo dare da rana, daga koguna da ke gangarowa daga duwatsu. Da safe ya ci shinkafa da kifi da miya, ya goya jakarsa. Ba mai raka shi. Yaran unguwa suke haɗuwa su tafi tare a ƙasa, manya suna lura da ƙanana, kamar yadda kuke yi.

A ƙofar makaranta kowa ya tuɓe takalmin waje ya sa na ciki. Karatu da wuya, don rubutunsu ba irin namu ba ne. Ku baƙaƙe da wasula kaɗan kuka koya, kuka iya karanta kowace kalma. Shi kuwa, ban da wasu jeri biyu na haruffa, sai ya haddace alamomi fiye da 1,000 kafin ya gama shekara 6 ta firamare, kowace alama da ma'anarta. Da rana a aji ake cin abinci. Yara ne ke rabawa, yau waɗannan, wani mako waɗancan, malam kuma ya zauna ya ci tare da su. In an gama kowa ya ɗauki tsintsiya ko tsumma. Su share aji, su goge ƙasa, har da makewayi. Ƙasa ce mai arziki ƙwarai, amma ɗan mai kuɗi ma sai ya yi shara. Wannan al'ada tasu ta burge ni.

Abin da yaron ke tsoro ba fari ba ne, ba kuma fara ba. Ƙasa ce ke motsi ƙarƙashin ƙafarsa. Ran 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa ta rushe Tokiyo da garuruwan kusa, gobara ta biyo baya, mutum fiye da 100,000 suka mutu. Shi ya sa har yau ake koya wa yara abin da za su yi. In ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya shige ƙarƙashin teburinsa ya riƙe ƙafar teburin. In motsi ya tsaya, su fita fili a jere, ba gudu, ba ture-ture. A Maris 2011 wata babbar girgiza ta auku a arewa maso gabashin ƙasar, teku ya hau tudu ya share garuruwa. Benayen Tokiyo suka yi ta lilo, amma ba su faɗi ba, don da sanin girgiza aka gina su.

Da yamma yaro ya komo gida. Babansa ba ya dawowa sai dare ya yi nisa, cikin jirgin ƙasa mai cunkoso. Sau da yawa yakan tarar da yaron ya yi barci. A Japan haihuwa ta yi ƙaranci. Mutanen ƙasar raguwa suke yi kowace shekara, ana kuma rufe makarantu da yawa don ba yaran da za a zuba ciki. Ku da kuke zama uku ko huɗu kan benci ɗaya, ku yi tunanin aji mai kujeru ba kowa.

La Pas

Ku komo da yatsa Nijar. Yanzu ku nufi yamma, ku ƙetare tekun Atalantika, ku shiga Amurka ta Kudu. Can cikin duwatsun Andis akwai ƙasar Bolibiya. Gwamnatinta a La Pas take zaune.

Mu muna alfahari da dutsen da garinmu ya ci sunansa. Amma Dogondutsi bai kai mita 300 bisa teku ba. La Pas kuwa tana wajen mita 3,600, cikin wani babban kwari. A bakin kwarin daga sama akwai wani birnin, El Alto, wanda ya wuce mita 4,000. A can iska ba ta da kauri. Baƙo in ya yi ɗan sauri sai ya yi ta haki, kansa ya yi ciwo. Ruwa yakan tafasa tun bai yi zafi sosai ba, don haka wake yakan daɗe kan wuta bai dahu ba. Lokutan shekara kuma a juye suke. Sa'ad da muke shuka, a Yuni da Yuli, su sanyi suke sha mai tsanani. Daminarsu daga Disamba zuwa Maris ce, lokacin da mu muke cikin hunturu da rani.

A El Alto wani yaro ɗan shekara 12 yake. Iyayensa daga ƙauye suka zo, inda kakansa ke kiwon wata dabba mai suna lama, ƴar uwar raƙumi ce amma ba ta da tozo. A gida harshen Aimara suke yi, a makaranta Sifaniyanci. Shi ma ɗan harshe biyu ne kamar ku.

Makarantarsa da rana ce. Da safe yakan ɗauki ɗan akwatinsa na katako ya gangara La Pas neman kuɗi. Tun 2014 akwai wata irin mota da ba ta taka ƙasa: akwatuna ne masu tagogi, rataye da igiyar ƙarfe, suna wucewa bisa rufin gidaje. In yana da kuɗi ya shiga, ya leƙo birni duka a ƙarƙashinsa. In ya sauka sai ya ciro wata hula ya rufe fuskarsa, ido kaɗai ake gani. Sa'an nan ya zauna bakin titi yana goge wa mutane takalma.

Masu goge takalma na La Pas da yawa haka suke rufe fuska. Sanyi yana ciki, amma babban dalili shi ne kada a gane su. Mutane suna raina aikin. Yaron yana tsoron kada wani ɗan ajinsu ya gan shi ya kai labari makaranta. Da kuɗin nan kuwa yake sayen littafi da alƙalami. Ni dai ban ga abin kunya ba ga yaron da ke neman halalinsa. Ku fa, yaya kuke kallon ɗan ajinku da ke tallar ƙosai ko turin kura ran kasuwa?

Da dare uwarsa ta dafa miya da dankalin turawa. A nan akwai abin mamaki. Dankalin nan da masu lambu na Dogondutsi ke nomawa da rani, muna ce masa na Turawa, amma ba daga Turai ya fito ba. Asalinsa duwatsun Andis ne. Kakannin yaron nan suka fara noma shi, shekaru dubbai da suka wuce, har yau kuwa suna da iri dubbai, fari da ja da baƙi da rawaya. Turawa ɗauka suka yi suka yaɗa. Mutanen can suna da dabarar ajiye shi: su shanya shi a fili sanyin dare ya daskarar da shi, su tattake ruwan ya fita, rana ta busar. Sai ya yi shekaru bai lalace ba, kamar hatsi cikin rumbu. Gyaɗa ma daga wajen Bolibiya ta fito. Rogo da masara da tumatir da barkono duka daga ƙasashen Amurka suka zo mana. Mu kuma mun ba duniya namu: gero a nan Sahel aka fara noma shi, daga nan ya kai har Indiya, inda miliyoyin mutane ke ci.

Bolibiya ta yi kama da Nijar ta wani wajen kuma. Ba ta da teku. Da tana da shi, ta rasa shi cikin yaƙin da ta yi da Cili daga 1879. Tun daga nan kayanta ta tashar jiragen ruwan maƙwabta suke bi. Mu ma haka. Shekaru da yawa yawancin kayan Nijar ta Kwatano suke shigowa, su hayo gadar Gaya. Da aka rufe iyakar a 2023 sai motoci suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara nisa, kaya suka ƙara tsada.

Ruwan La Pas daga ruwan sama da ƙanƙarar kan duwatsu yake taruwa. Duniya tana ƙara zafi, ƙanƙarar tana narkewa. Ta dutsen Cakaltaya ta ƙare ƙaf a 2009. A ƙarshen 2016 aka yi fari, madatsun ruwa suka kusa ƙafewa, famfunan unguwanni da yawa suka bushe. Mutanen babban birni suka fito da bokiti suna layi suna jiran motar ruwa. Yaron nan da yarinyar da ke jiran layi bakin rijiya a Sukukutan, da sun haɗu, da sun fahimci juna ko ba tafinta.

Ƙarfe nawa ne a can?

Yaran nan huɗu ba tare suke ganin rana ba. Duniya dunƙulalliya ce, tana juyawa daga yamma zuwa gabas, sau ɗaya cikin awa 24. Na gabas su ke fara ganin rana. Ku gwada da kanku. Ku sami lemo ko goruba, ku yi mata ɗigo uku a jere da alli. A rufe taga, ɗaya ya haska tocila, ɗaya ya riƙa juya lemon a hankali. Za ku ga ɗigo na fari ya shiga haske tun na uku yana cikin duhu.

Sa'ad da kuke shiga aji da ƙarfe 8 na safe, a Yamai ma ƙarfe 8 ne, don ƙasarmu agogo ɗaya take bi. A Kumasi ƙarfe 7 ne, yarinya tana sa kayan makaranta. A Makka ƙarfe 10. A Tokiyo ƙarfe 4 na yamma, an riga an share aji an tashi. A La Pas kuwa ƙarfe 3 na dare ne, mai goge takalma yana barci cikin bargo.

Da Faransanci

birni: la ville
babban birni: la capitale
kogi: le fleuve
teku: la mer
gada: le pont
iyaka: la frontière
takardar haihuwa: l'acte de naissance
girgizar ƙasa: le tremblement de terre

Tambayoyi

1. Me ake nufi da zango? Yaya aka yi ya zama sunan unguwa a Kumasi?
2. Me ya sa kaka take ɓoyon takardunta cikin kwalla?
3. Me yaran Tokiyo suke yi in ƙasa ta fara motsi?
4. Don me mai goge takalma yake rufe fuskarsa? Kuna ganin ya kamata ya rufe?
5. Ku faɗi abu biyu da Nijar da Bolibiya suka yi kama a kai.
6. In ƙarfe 12 na rana ne a Tibiri, ƙarfe nawa ne a Tokiyo? A Kumasi fa?
7. Cikin yaran nan huɗu, wa kuke so ku yi musanyar zama da shi na wata ɗaya? Wa kuma ba ku so? Ku faɗi dalili.

Aiki

Ku raɗa wa yaran nan suna. Na Tokiyo da na La Pas, malam zai taimake ku neman sunayen da ake sa wa yara a can.

Kowa ya nemi wani babba a gidansu ko unguwarsu wanda ya taɓa zama wani birni: wa, ko kawu, ko inna, ko alhajin da ya je Makka. Ku gaishe shi da ladabi, ku roƙe shi labari. In ya gama faɗin benaye da motoci, ku tambaye shi inda ya kwana, da yadda yake samun ruwa, da kuɗin kwanon abinci, da harshen da ya yi ciniki da shi, da abin da ya fi ba shi wuya. In bai so amsa wata tambaya ba, ku ƙyale shi. Ku rubuta abin da ya faɗa da Hausa, layi 15, ba tare da sa sunansa ba. Ran Litinin za mu karanta, mu soka ƙaya kan taswira a kowane birni da aka ambata.

Bayan haka ku rubuta wa yaron Tokiyo wasiƙa. Ku ba shi labarin yininku tun daga asuba har dare. Ku tuna bai taɓa ganin rumbu ba, bai san fura ba, bai san abin da ake kira dallol ba, sai kun bayyana masa kowane ɗaya. Layi 10 da Hausa, sa'an nan ku zaɓi layi 3 ku juya su da Faransanci.